Kwana biyu a ƙasar inabi ta Harzegobina, da abin da gaggawa ta jawo mini

A makon jiya ɗan yayata da yake karatu a Sarayebo, babban birnin Bosniya, ya zo gaishe ni kafin hutunsa ya ƙare. Bayan mun gaisa sai ya miƙo mini wayarsa cikin murna, ya ce, "Kawu, duba tsarin da muka yi ni da abokaina, tunda kai ma ka taɓa zama can." Sun shirya cewa a Asabar da Lahadin ƙarshen watan Agusta za su ɗauki hayar mota su gangara kudu, yankin Harzegobina, inda gonakin inabi suke, domin su huta kafin a koma aji. Na ƙirga wuraren da suka jera na samu takwas: Mostar, Blagai, Pocitel, Krabitsa, Citluk, Stolats, Trebinye, sannan a ƙarshe Dubrobnik. A gaban kowane wuri an rubuta mintocin da za a yi. Na daɗe ina kallon wayar ban ce komai ba, saboda wannan jerin, in ban da bambancin waya da takarda, shi ne na rubuta da hannuna shekaru goma sha wani abu da suka wuce, kuma har yau ban gama jin nauyin abin da ya biyo baya ba.

A lokacin na kusa cika shekara biyu ina aiki a Sarayebo, kuma mai ɗakina ta zo mini ziyarar wata uku, farkon fitarta daga gida. Ta gaji da zaman ɗaki ita kaɗai, ba harshe ba maƙwabta, sai na yi mata alkawarin zan kai ta kudu ta sha iska, ta ga inabi a jikin itacensa, ta ga ɓaure da rumman. Hutu na yi mata alkawari, kuma da zuciya ɗaya na yi. Amma da na zauna da taswira sai kwaɗayi ya shige ni. Kuɗin hayar mota a kan kwana ake lissafa shi, albashina ba mai yawa ba ne, kuma na san da wuya mu sake samun dama irin wannan. Har yanzu idan na tuna nakan ce a raina duk wanda yake a matsayina haka zai yi, domin babu wanda zai biya kuɗin mota ya ajiye ta a ƙofar masauki. Sai dai ita ba ta roƙe ni wurare takwas ba. Abin da ta ce kawai shi ne tana son ta zauna a bakin ruwa.

Mun bar Sarayebo bayan sallar asuba, muka bi hanyar Konyits da Yablanitsa, tafiyar kimanin kilomita 130 wadda daga Konyits take bin gefen kogin Neretba, wanda ruwansa kore ne shar kamar an zuba masa rini. Ta nemi mu tsaya sau biyu ta kalli kwazazzabon, na ce lokaci bai ba mu dama ba. Da muka isa Mostar na ja ta kai tsaye zuwa tsohuwar gadar nan da Daular Usmaniyya ta kammala a 1566 zamanin Sarki Sulaiman, wadda aka rusa da igwa a watan Nuwamba na 1993 lokacin yaƙi, aka sake gina ta aka buɗe a 2004. Duwatsun gadar sun yi santsi saboda takun mutane, tana hawa a hankali tana riƙe da hannuna, ni kuwa idona yana kan agogo. Ga masallacin Koski Mehmed Pasha nan a gefen kogi, wanda daga harabarsa ake ganin gadar gaba ɗayanta, amma ban bari mun shiga ba, na ce ai za mu ga wasu masallatan a gaba. Minti arba'in muka yi a garin da ya cancanci kwana biyu shi kaɗai.

Blagai kilomita 12 ne kawai daga Mostar. A nan kogin Buna yake ɓulɓulowa daga cikin kogo a gindin wani dutse mai tsawon kusan mita 200, kuma a daidai bakin kogon akwai zawiyar sufaye ta zamanin Usmaniyya, farin gini mai barandar katako, ana cire takalmi kafin a shiga. Sanyin ruwan yana taso wa mutum tun daga nesa. Wannan shi ne bakin ruwan da ta roƙa. Ta zauna a kan wani dakali ta tsoma hannu, ta ce, "Malam, mu tsaya nan mu ci kifi mana, nan ya ishe ni." Na tambayi mai abincin, ya ce sai mun jira kamar rabin awa, ya ƙara da kalmar da kowa a ƙasar yake faɗa, polako, wato sannu a hankali. Na ce ba za mu iya jira ba. Na sayi burodi muka koma mota.

Abin da ban saka a lissafi ba shi ne rana. Mu da muka tashi a zafin Maris da Afrilu mukan ɗauka babu zafin Turai da zai ba mu tsoro, kuma da wannan girman kai na fita. Harzegobina ƙasar farin dutse ce mai shanye ruwa, kuma a Yuli da Agusta zafin kwarin Neretba yakan haura digiri 40, dutse ya ɗauki rana ya mayar wa mutum ita a fuska. Da misalin ƙarfe biyu muka isa Pocitel, ƙauyen dutse da aka gina a jikin tudu kimanin kilomita 30 kudu da Mostar, mai masallacin Haji Aliya da hasumiyar agogo da ganuwa a can sama. Matakala ce tun daga ƙasa har ƙoli. Na nace sai mun hau. Ba mu kai rabi ba ta zauna a kan matakala, leɓunanta sun bushe, ta ce jiri take ji. Wata mata mai sayar da ɓaure da ruwan rumman a gefen hanya ta taso da kwalba mai ƙanƙara ta ɗora mata a wuya, ta dube ni ta faɗi wata magana a harshensu, wadda na fahimta sarai ko da yake ban nuna ba. Duk da haka daga nan sai da na kai ta Krabitsa, inda kogin Trebijat yake zubowa daga kan dutse kimanin mita 25, muka tarar da wurin cike da masu wanka cikin shigar da ba za mu iya zama a tsakiyarta ba, muka juya bayan kwata ɗaya.

Abin da ya fi damuna ya faru ne da yamma. Na kama mana ɗaki a gidan wani dattijo manomin inabi a wani ƙauye kusa da Citluk, a tudun da ake kira Brotinyo, wanda shi ne cibiyar noman inabin yankin. Mutanen wannan ɓangaren Kiristoci ne 'yan Katolika, kuma giyar inabi a wurinsu sana'a ce da gado. Dattijon ya tarbe mu da fara'a, ya zagaya da mu gonarsa, ya nuna mana farin inabin da suke kira jilabka, mai jure fari da tsakuwa, da baƙin da suke kira blatina. Ya bayyana mini cewa furen blatina ba ya iya ɗaukar 'ya'ya shi kaɗai, dole sai an dasa wani irin inabi a tsakanin layukansa, kuma idan ruwa ya sauka lokacin fure sai shekarar ta zo da ƙaranci. Yana magana yana shafa ganyen kamar mai shafa kan jikansa. Sannan ya zaunar da mu a ƙarƙashin rumfar inabi, ya fito da kwalba marar tambari da ƙananan kofuna, ya fara zubawa.

Ban yi nadamar ƙin sha ba, kuma ba zan taɓa yi ba. Yadda na ƙi ne yake cina. Na ɗaga murya na ce haram, na ture kofin da bayan hannu har ya zube a kan farin mayafin teburin. Dattijon ya tsaya riƙe da kwalbar, fuskarsa ta canza. Mai ɗakina ta ce da ni a hankali da Hausa, "Malam, karrama mu yake yi, bai sani ba ne." Matarsa ta zo ta kwashe kofunan ba ta ce uffan ba, bayan ɗan lokaci ta dawo da burodi da cuku da ɓaure da nonnan inabi masu sanyi da soyayyen ƙwai, ta kuma ɗauko kaskon ta nuna mana cewa sabo ne, bai taɓa ganin naman alade ba. Nakan kare kaina da cewa na gaji, na yini ina tuƙi cikin rana, kuma mutum idan aka zo kan addininsa ba ya tsayawa zaɓen kalmomi. Akwai gaskiya a cikin haka. Amma shekara biyu na yi a ƙasar, na san al'adarsu ta tarbar baƙo da kofi, na san a gidan wa zan kwana, kuma jimla ɗaya tak a waya ranar da na kama ɗakin da ta hana duk wannan. Washegari kuma, saboda jerin nan nawa, muka fita da asuba kafin su tashi, na ajiye kuɗin a kan tebur, ban ba shi haƙuri ba, ban yi masa sallama ba.

Ranar Lahadi mun wuce Stolats ba tare da mun sauka ba, muka ratsa Trebinye muka nufi kan iyakar Kuroshiya, domin Dubrobnik kilomita 30 ne kawai daga nan. Jami'in kan iyaka ya duba fasfonmu cikin ladabi ya ce takardar izinin zama a Bosniya ba ta shigar da mutum Kuroshiya, sai da biza. Muka juyo. Wannan juyowar ce ta ba mu sa'a ɗaya tilo ta hutu a duk tafiyar, saboda jerin ya ƙare kuma babu inda za mu. Muka yi sallah a masallacin Usman Pasha da ke cikin tsohon garin, muka zauna a dandalin Trebinye ƙarƙashin manyan itatuwan da suka haura shekara ɗari, masu inuwa kamar ta ceɗiya, aka kawo gahawa a 'yar butar tagulla. A nan ne kawai na ga ta saki jiki. Daga nan muka kama hanyar Sarayebo, fiye da kilomita 200, har dare, ba ta yi magana ba sai abin da ya zama dole.

Na yi niyyar zaunar da ɗan yayata in ba shi shawarwari goma a tsare, amma ina cikin ba shi wannan labari na lura babban yatsansa yana ta yawo a kan wayar, sai raina ya ɓaci. Yaran yanzu ba sa zuwa wuri don su gan shi, suna zuwa ne don a gan su a wurin, kuma da zarar hoto ya hau Instagram wurin ya gama amfani. Na san ni ma ba da waya na yi tawa wautar ba, amma aƙalla ni ba ni da wanda zai gargaɗe ni. Saboda haka na faɗa masa a gajarce, kuma haka zan faɗa wa duk matashin da ke karanta wannan.

Ka goge biyar daga cikin takwas ɗin. Ka hau jirgin ƙasa daga Sarayebo, tafiyar kimanin awa biyu ce, ka kwana a Mostar, ka ba Blagai yini guda ka jira kifin nan, ka je Pocitel da sassafe ko bayan la'asar. Kada ka je a Agusta. Ka jira tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba, lokacin da rana ta yi sauƙi, ana kan tsinkar inabi, rumman ya fara nuna. Kada ka kusanci kan iyaka ba tare da biza ba, musamman yanzu da Kuroshiya ta shiga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, tun farkon 2023. Idan ka ga kango ko gonar da aka yi watsi da ita, kada neman hoto ya sa ka taka cikinta, domin har yanzu akwai wuraren da ba a gama tone nakiyoyin yaƙi ba. Kuma idan za ka sauka a gidan manomin inabi, ka gaya masa tun kafin ka zo cewa kai Musulmi ne, ba ka shan giya, ba ka cin alade, amma kana son ganin gonarsa. Idan duk da haka aka miƙo kofi, ka ɗora hannu a ƙirji ka ce hvala, wato na gode, ka nemi gahawa.

Ya ce, "To Kawu, Trebinye fa? Kai da kanka ka ce nan ne ya fi daɗi." Na ce ya goge shi, ya yi nisa da Mostar fiye da kilomita 100. Sai kuma na ce a'a, ya goge Mostar ya tafi Trebinye kaɗai. Ya ce in tsayar da magana ɗaya. Na ce masa ya daina tsara mintoci gaba ɗaya, sannan a numfashi na gaba na umarce shi ya rubuta lokutan jirgi da na bas a takarda, don ranar Lahadi motoci suna raguwa kuma batirin waya yana mutuwa. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Bai goge komai a gabana ba sai Dubrobnik, shi ma don maganar biza ce.

Da ya tashi tafiya na ce ya dakata. Na shiga ɗaki na ɗauko ƙullin dabino mai kyau da sabuwar hula ɗinkin hannu, na zauna na zana masa hanya a takarda gwargwadon abin da na riƙe: majami'ar ƙauyen, kwanar da ke bayanta, gangaren tsakuwa, ƙofa mai shuɗin fenti da rumfar inabi a kanta. Ya ce, "Kawu, ai yanzun nan ka ce in cire Citluk." Na ce na sani, amma ya je. Idan ya tarar da dattijon ko matarsa ko 'ya'yansu, ya miƙa musu ya ce daga baƙon da ya zubar da kofi a kan farin mayafi ne, yana neman afuwa, kuma idan suka ce ya zauna, ya kashe wayarsa ya zauna har sai su ne suka sallame shi.