Godiya ga waɗanda suka jira sabulu ya bushe tare da ni

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, sabulun farko da muka zuba bayan ɓarnar ruwa ya gama bushewa, an naɗe shi, ya fara isa hannun masu shi. Sai yanzu hankalina ya kwanta har na iya zama in rubuta godiyar da ta daɗe a raina.

Ga wanda labarin bai riske shi ba: iska ce mai ƙarfi ta yaye kwanon ɗakin da nake shanya sabulu cikin dare, ruwa ya kwana yana zuba a kan kantoci. Babu wanda ya ji ciwo, wannan kaɗai abin godiya ne. Amma kusan duk abin da ke ɗakin odar mutane ce, wasu har sun ba da kafin alƙalami. Wanda ruwa ya sauka a kansa ya caɓe. Wanda bai jiƙe ba ma bai tsira ba, domin sabulun hannu yana riƙe da gilisarin ɗinsa, wato wani sinadari da ke fitowa daga mai yayin haɗa sabulu, shi kuwa gilisarin jawo laima yake yi daga iska. Kafin rana ta ɗaga, kowane guda ya fara zufa yana santsi.

Asarar mai da turare ta yi min ciwo, amma abin da ya hana ni barci lokaci ne. Idan aka haɗa ruwan soda da mai aka juya har ya yi kauri aka zuba a mazubi, cikin kwana ɗaya zuwa biyu yakan daskare a yanka shi. Mai gani zai ce an gama. Ba a gama ba. Sai ya yi mako 4 zuwa 6 a kan kanta, iska tana ratsa shi, ruwan jikinsa yana fita a hankali, sannan ya yi ƙarfi, kumfarsa ta yi laushi, ya daina saurin narkewa. Na man zaitun zalla ma yakan so wata 6. Masu sabulun birnin Halab na ƙasar Siriya, da suke haɗa man zaitun da man 'ya'yan wata bishiya da ake kira laurel tun ɗaruruwan shekaru, jera shi suke yi hawa-hawa da tazara a tsakani, su bar shi watanni, har bayansa ya koma ruwan ƙasa cikinsa yana nan kore. Ko da ina da kuɗin sayen sabon kaya a ranar, babu kuɗin da zai sayo min waɗannan makonni.

Shi ya sa godiyata ta farko ta abokan cinikina ce. Na kira kowa na faɗa masa abin da ya faru, na ce wanda yake son kuɗinsa in mayar masa. Mafi yawanku kuka ce a bar kuɗin, za ku jira. Akwai wata baiwar Allah da take saye saboda fatar ɗanta ba ta jure sabulu mai turare. Na san jiran ya fi yi mata wuya fiye da kowa, amma ita ce ta riƙa kirana tana tambayar lafiyata, ba ta taɓa tambayar sabulun ba. Waɗanda suka karɓi kuɗinsu ma ina gode musu, haƙƙinsu ne, kuma sun karɓa da jaje da addu'a.

Malamata wadda ta koya min wannan sana'a, ban san da wane baki zan gode miki ba. A kwanakin nan na sha shawarwari daga masu ƙaunata: wasu suka ce in ƙara soda sabulun ya yi saurin tauri, wasu suka ce in naɗe shi bayan mako guda, babu wanda zai gane. Kika zo da kanki, kika ɗauko sikeli kika ajiye a gabana, kika tuna min abin da kika fara koya min. Kowane mai yana da gwargwadon sodar da yake ci. Giram 1,000 na man zaitun yana buƙatar soda kusan giram 135, na kwakwa kuwa sama da giram 180. Muna ma rage sodar da kusan kashi 5 cikin 100 da gangan, don ɗan mai ya saura ya tausasa fata. Sodar da ta wuce lissafi ba ta da man da za ta ci, sai ta ci fatar mai wanka. Kika ce min mai saye ba ya ganin sikelina, ni kaɗai nake ganinsa, don haka amanar a wuyana take. Ke ce kuma kika yanke hukuncin cewa duk sabulun da ruwan rufi ya taɓa ba zai hau jikin kowa ba. Ya yi min nauyi a lokacin. Yau ina ganin shi ne mafi alherin abin da aka yi min.

Ga 'yan matan da muke aiki tare: kun zo tun kafin in kira ku. Kuka ware mai kyau da marar kyau ɗaya bayan ɗaya, kuka wanke kantoci, kuka shanya katako. Da muka koma zubi, duk gajiyar da ke jikinku ban ga wadda ta ajiye safar hannu ko tabarau ba, ban ga wadda ta manta cewa soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin soda ba. Wannan ya faranta min rai ƙwarai.

A hannunku kuma sabon abu ya fito. Akwai sabulun da ke can ƙuryar ɗaki, ruwa bai kai gare shi ba, laima ce kawai ta ɓata masa fuska. Muka fere bayansa, cikin ya fito tas, sai dai ya rasa siffar da za a sayar. Niyyata in goge shi in narkar a kan wuta kaɗan-kaɗan in sake zubawa, kamar yadda aka saba ceto irin wannan. Sai ƙaramar cikinmu ta ce, Anti, me zai hana mu yayyanka shi ƙanana mu barbaɗa cikin farin zubi? Muka gwada. Ranar da wuƙa ta ratsa sandar farko, duk muka tsaya kallo: shuɗi da ja da kore a warwatse cikin fari, kuma babu guda biyu masu zane iri ɗaya. Na yi shekaru ina neman sabon salo ta hanyar sayen sabuwar kala da sabon mazubi, ashe wani salon yana cikin abin da nake shirin narkarwa, da bakin yarinyar da ba ta daɗe da fara koyo ba. Daga yanzu kowace za ta riƙa samun zubi nata na gwaji, ta yi abin da zuciyarta ta ba ta, muddin lissafin soda ya cika. Wannan sabulun kuma ya shiga jerin kayanmu, kuma duk wanda ya tambaya zan faɗa masa fasahar wace ce.

Maigida, Allah ya saka da alheri. Kai ka hau sama da kafinta, kai ka kwashe kayanka daga ɗaki don sabulu ya sami wurin shan iska, ba ka taɓa nuna min gajiya ba. Umma, addu'arki ce ta riƙe ni. Maƙwabta da suka fito da fitila da bokiti a daren, da abokiyar sana'a da ta ara min mazubanta alhali ita ma tana da oda a gabanta, da mai kawo min mai da ya ba ni kaya ya ce in biya idan na farfaɗo: Allah ya san ku ɗaya bayan ɗaya, ya biya muku buƙatunku, ya tsare muku dukiya da iyali.

Odar da ta rage tana fita ne bi da bi, wanda ya riga bayarwa shi zai riga karɓa. Zubi na biyu yana kan kanta, saura masa mako biyu, kuma ba zan sauke shi kafin lokacinsa ba. A cikin kowane ƙunshi za ku tarar da ƙaramin guda na sabon sabulun nan mai barbaɗin launi, kyauta ce daga ni da 'yan matan. Idan kun yi amfani da shi ku ajiye shi inda ruwa zai tsane, zai fi daɗewa, sannan don Allah ku faɗa mana gaskiyar yadda kuka same shi a fatarku.

Na gode, na gode. Allah ya bar zumunci.