'Yar Yawunde mai jita, wadda ta fara babu ubangida

Idan aka ce kiɗan Kamaru, mu nan Garwa hankalinmu kan tafi ga makosar Duwala ko bikutsin Yawunde, ko mu tuna marigayi Ali Baba ɗan garinmu. Da wuya ka ji an ambaci Laetitia Tamko, wadda ake kira Vagabon. A Yawunde aka haife ta a 1992, tana da shekara 13 iyayenta suka yi ƙaura da ita zuwa New York. Abin da ya fito da ita shi ne kiɗan rok irin na masu cin gashin kansu: jita mai amo, ganga, da muryar wadda ta rubuta waƙar da hannunta.

Ni ba kiɗan ne ya fara jan hankalina ba, karatunta ne. Kwamfuta na karanta a jami'ar Ngawundare, can Dang, yanzu kuma ina buga wa mutane takardu a wani shago kusa da babbar kasuwa. Ita ma injiniyancin kwamfuta ta karanta a City College, har ta yi aiki da shi. Jita kuwa ita ta koya wa kanta. Da rana aiki, da dare sai ƙananan ɗakunan wasa na Brooklyn, inda matasa ke haɗa kayan sautinsu da kansu. A 2014 ta ɗora 'yan waƙoƙinta a Bandcamp, wani shafin intanet na sayar da waƙoƙi, da sunan Persian Garden. A 2017 wani ƙaramin kamfani, Father/Daughter, ya fitar mata da kundin Infinite Worlds, daga nan sunanta ya bazu.

Yayana yana ba da hayar kayan sauti a gidajen biki, ya kuma san harkar mawaƙa ciki da bai. Da na kunna masa, ya ɗan saurara, sai ya ce, "To ƙanwata, wa take wa waƙar?" Na ce, "Yaya, ba kowa." Ya ce ba a yin haka. Ba gardama ce ta banza ba. A wajenmu mawaƙi da ubangidansa yake tafiya: ko lamido, ko attajiri, ko uwar amarya mai liƙi, ko ɗan takara idan zaɓe ya matso. Ban raina wannan ba, don Shata ma mutane ya yi ta wasawa, kuma har gobe ba a yi kamarsa ba. Amma wanda ya biya shi ke zaɓen abin da za a faɗa. Yarinyar da ke son ta yi waƙa a kan kaɗaicinta, ko a kan yadda aka maida ita ba komai ba a cikin taro, wa zai yi mata liƙi? Irin abin da Vagabon ta rera ke nan a wannan kundin, da Turanci, sai guda ɗaya da Faransanci, kuma albashinta ya ɗauke mata neman yardar kowa.

Yaya ya ƙara da cewa bai ji Kamaru a ciki ba. Gaskiyarsa, babu makosa ko kaɗan. Sai dai ban ga dalilin da za a ce duk wanda aka yanke wa cibiya a nan dole ya riƙa yawo da gangar garinsu a kafaɗa ba. Baƙar mace ce a fagen da fararen maza suka fi yawa, nauyin ya ishe ta.

Daga baya ta koma kamfanin Nonesuch, wanda ke ƙarƙashin babban kamfanin Warner, wato ita ma ta sami babbar inuwa (nan Yaya ya yi dariyar samun nasara). Duk da haka kundinta na 2019, mai ɗauke da sunanta, ita ta tsara sautinsa da kanta, ta rage jita ta ƙara na'ura. A nan na ji injiniyar ta fito fili. Na 2023, Sorry I Haven't Called, ta soma shi ne a Jamus bayan rasuwar wani amininta, ta ƙarasa tare da wani mai tsara sauti, Rostam Batmanglij. Maimakon kuka sai ta yi kiɗan rawa. Na fahimci dalilinta, amma bai kama ni ba. Ya yi sumul da yawa, na fi son muryar nan ta farko mai fashewa idan jita ta taso.

Saye a Bandcamp sai da katin banki ko makamancinsa, mu kuwa yawancinmu kuɗinmu a waya yake, don haka a YouTube nake saurare. Wanda datarsa ba ta da yawa ya fara da na 2017: waƙoƙi takwas ne, duka ba su cika rabin awa ba.