Ƙarar da ba ta ɗaukewa sai an taka kuloci har ƙasa

Na bar garejin da nake aiki a ƙarshen watan jiya, kuma ina so in bar wa yaran da ke can abin da na sani game da ƙarar giyabos. Mafi yawansa a kan mota ɗaya na koye shi, wata ƙaramar mota mai shan dizal, mai giyar hannu.

Mai ita ya ce tana kwaramniya idan tana tsaye a silo. Na tayar da ita, giya a firi, sai ga kaca-kaca daga ƙasa, daidai mahaɗar injin da giyabos. Na ɗora ƙafa a kan kuloci kaɗan, ƙara tana nan. Na taka har ƙasa, ta ɗauke cak. Na ɗan ba ta wuta, ta ragu. Da na kashe injin kuwa, sai da ta yi gwaf-gwaf kafin ta yi tsit.

Duk aikin yana cikin wannan bambanci na taɓawa kaɗan da takawa har ƙasa. Boris ɗin rilis, wato wanda ke danna kuloci in an taka feda, idan ya ci, kuka yake yi lokacin da aka taka kuloci, domin a lokacin nauyi ke hawansa. Idan kuma sako-sako ne kawai yake kaɗawa, ɗora ƙafa kaɗan ya isa ya rufe masa baki. Amma ƙarar da ba ta tafiya sai feda ta kai ƙasa, tana gaya maka cewa sai da shaf ɗin da ke shiga giyabos ya daina juyawa sannan ta tsaya. To a nan zargi ya koma kan boris ɗin wannan shaf, ko ƙarancin man giya, ko sifirin ɗin da ke tsakiyar faifan kuloci, ko kuma fulayiwil mai hawa biyu, wato faifan ƙarfen da ke bayan injin wanda kuloci ke mannewa a jikinsa. Irin wannan fulayiwil, wanda kamfanin LuK ya fara fitarwa a 1985, faifai biyu ne da sifirin da giris a tsakaninsu, aikinsa ya shanye jijjigar injin kafin ta isa haƙoran giya. Ya fi yawa a motocin dizal. Idan ya gaji, jijjigar sai ta wuce kai tsaye, haƙoran su riƙa bugun juna a silo, kuma wannan gwaf-gwaf ta lokacin kashe injin sananniyar alamarsa ce.

Na gaya wa oga haka. A gaban mai mota ya dube ni ya ce, "Kai yaushe ka fara riƙe sufana? Rilis ne." Nan take ya yanke wa mutumin kuɗin kuloci da rilis.

Ni aka sa na sauke giyabos. Da na cire faifan, na kama fulayiwil da hannu biyu na juya. Ya tafi da nisa hagu da dama kafin in ji sifirin ya kama, yana kuma girgiza idan na ja gefensa. Baƙin giris ya fantsama a cikin murfin, fuskar ƙarfen ta yi shuɗi-shuɗi saboda zafi. Boris ɗin rilis da ake zargi na juya shi da yatsa, sumul. Na leƙo daga rami na ce, "Oga, don Allah zo ka duba wannan." Bai sauko ba. Ya riga ya faɗi kuɗi, ba ya so ya kira mai mota ya ce lissafi ya canza. Ya ce in ɗaura sabon kuloci in mayar.

Ba a jima ba motar ta dawo da ƙararta. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne abin da ya gaya wa mutumin, ina tsaye: wai yaron da ya yi aikin ne bai ɗaure notuna da kyau ba. Aka sake saukewa, aka canza fulayiwil, ƙara ta tafi, aka yanke kuɗin aikin na biyu daga haƙƙina. Duk wanda ke garejin ya san gaskiya, babu wanda ya buɗe baki, kuma ban ga laifinsu ba, kowa cikinsa yake karewa. Wallahi ba kuɗin ne ya dame ni ba. Sunan mai sakaci aka liƙa mini a kan aikin da ni kaɗai na gano.

Sauran abubuwan gajeru ne. Kafin a taɓa giyabos a shiga ƙasa a bubbuga salansa da hannu, don garkuwar zafi da ta saki ko abin tace hayaƙi da ya farfashe a ciki suna yin ƙara irin wannan, kuma ba ruwansu da kuloci. Injin da silinda ɗaya ke tsallake ma yana sa lafiyayyen giyabos kwaramniya, a daidaita silo tukuna. Doguwar sukudireba, baki a jikin giyabos, ƙota a kunne, tana nuna gefen da ƙarar ta fi ƙarfi. A tsiyaye man giya a dubi maganaɗisun notin ƙasa: laushin gari ba komai, ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli kuwa boris ne ko haƙori. A kuma lura ko juyawar injin ƙarar take bi ko gudun taya.

Ku yaran da kuka rage a can, idan kun sauke giyabos kun ga fulayiwil yana wasa, ku ɗauki bidiyonsa da waya yana juyawa a hannunku, ku rubuta a katin aiki cewa kun faɗa, kafin kowa ya ce ku mayar.