Girka Linux ba wuya, riƙonsa ne aiki

Duk wanda ya iya soka filash a kwamfuta ya bi abin da allo ke nuna masa zai iya girka Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, a yau. Ko wane nau'insa ne, Ubuntu ne, Linux Mint ne, Fedora ce, kafin ka gama gyara zama an kammala, intanet ta kama, sauti na fita. Abin da ba a cika gaya wa sabon shiga ba shi ne ranar girkawa ta fi kowace rana sauƙi. Aikin yana can gaba, bayan shekara ɗaya ko biyu, lokacin da sabuntawa ta hau kan sabuntawa, kuma babu mai iya tuna abin da aka taɓa a cikin na'urar. A wurin aikinmu ni ke kula da kwamfutocin ma'aikata, akasarinsu kuwa Linux ke kansu. Abin da aikin ya fi cusa mini a kai shi ne matsala ba ta cika fitowa daga tsarin kansa ba. Daga canjin da wani ya yi ya manta take fitowa.

Da farko na ɗauka zaɓen nau'in Linux magana ce ta kyan fuska da ra'ayi. Ashe kalanda mutum yake zaɓa. Ubuntu, wanda kamfanin Canonical ya fara fitarwa a 2004, yana sakin sabon zubi duk wata shida, amma mai dogon zango sai duk shekara biyu a watan Afrilu, kuma shi ake ba kulawar shekara biyar. Na tsakanin wata tara kawai suke samu. Lambar ma tana faɗin haka: 24.04 na nufin Afrilun 2024. Fedora kan yi wajen wata goma sha uku kafin a daina kula da kowane zubi. Debian, da Ian Murdock ya kafa a 1993, kan ɗauki kusan shekara biyu tsakanin zubi da zubi, kuma da zarar ya fito ba a sauya masa manhajoji sai dai a toshe ɓaraka. Arch kuwa ba shi da zubi, kullum a tafe yake, kuma masu shi sun faɗa ƙarara cewa ba su lamunci ka sabunta wani sashe ka bar wani ba. Babu na banza a cikinsu. Amma ma'aikaciyar da aikinta rubuta wasiƙu da lissafi ne ba ta da wata riba a sabon kanel, wato zuciyar tsarin da ke magana da sassan na'ura, duk mako. Ita Mint ko Debian na ba ta. Tawa kwamfutar ce nake wasa da Fedora a kai, don in ta lalace ni kaɗai zan yi kuka.

Sai batun gyare-gyare. Linux na barinka ka taɓa komai, kuma nan tarkon yake. Duk abin da ka sauya daga yadda ya zo, ka ɗaukar wa kanka kula da shi har ranar da za a jingine kwamfutar. Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski. Masu amfani da GNOME, ɗaya daga cikin fuskokin allo na Linux, sun ga haka a 2023, da zubi na 45 ya sauya yadda ake rubuta 'yan ƙare-ƙaren da mutane ke liƙa wa fuskar tsarin. Duk wanda marubucinsa bai sake gyara shi ba ya daina aiki. Mai ƙari ɗaya ko biyu bai ji komai ba. Wanda ya tara goma sha wani abu don allonsa ya yi kama da na Windows, shi ya wayi gari bai gane kwamfutarsa ba. Yanzu idan ma'aikaci ya ce shi fa yana son maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, ba na tanƙwara masa GNOME. Wata fuskar dabam, Cinnamon ko KDE Plasma, nake ba shi, tunda su haka aka yi su tun asali.

Inda ya zama dole in sauya wani abu, akwai yadda nake yi. Saitunan tsarin gaba ɗaya suna cikin /etc, kuma galibinsu rubutu ne zalla da kowa zai iya buɗewa ya karanta. In manhaja ta yarda a ajiye mata ƙaramin fayil a gefe, kamar a /etc/sysctl.d, ko ta hanyar systemctl edit, to can nake sa canjina, ba na shiga babban fayil ɗin da ya zo da ita. Dalili kuwa, ran da aka sabunta ƙunshin manhajar, Debian da 'ya'yansa irin su Ubuntu da Mint za su tsayar da kai su tambaya: naka za a bari ko na masu manhajar za a ɗora? Arch zai ajiye maka sabon da .pacnew a ƙarshen suna, Fedora kuma da .rpmnew, ya rage naka ka haɗa su. In ba ka san abin da ka sauya ba, wace amsa za ka bayar? Akwai wata ƙaramar manhaja, etckeeper, da ke sa /etc ɗin gaba ɗaya ƙarƙashin git, ta riƙa ajiye tarihin kowane canji. Ita da ɗan fayil guda da nake rubuta kwanan wata, abin da na taɓa, da dalilin taɓawar, sun fi duk wata dabara da na koya amfani. Dalilin ne ma ya fi muhimmanci. Abin da aka sauya za a iya gano shi ko ba a rubuta ba, amma me ya sa aka sauya, wannan a kan mutum yake, kuma kai na mantuwa.

Bari in nuna yadda abin yake a zahiri. Wata safiya aka kira ni, wai kwamfutar wani abokin aiki ta mutu. Na tarar da baƙin allo da farin rubutu, ƙidaya na tafiya a gefe: tsarin na jiran wani faifai, an ba shi minti ɗaya da daƙiƙa talatin. Da lokacin ya cika sai ya faɗa yanayin gaggawa. Mai kwamfutar ya rantse bai taɓa komai ba, kuma gaskiyarsa ne, a ranar dai bai taɓa ba. Da na samu shiga, na buɗe /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa faifan da za a haɗa lokacin tashi, sai ga layi a ƙasa na wani faifan waje da aka ƙara watanni da suka wuce don ya riƙa hawa da kansa. Jiya da yamma an zare shi an tafi da shi gida. Shi kuwa tsarin an gaya masa faifan nan wajibi ne, don haka ya ƙi gaba sai da shi. Kalma ɗaya na ƙara a layin, nofail, wadda ke cewa in babu shi a wuce. Gyaran bai kai minti biyu ba. Da wani ne marar haƙuri, da ya goge komai ya sake girkawa, ya tafi yana cewa Linux ba shi da tabbas.

Daga irin wannan na koyi cewa tsarin kan faɗi abin da ke damunsa, mu ne ba ma tsayawa mu karanta. Umarnin journalctl -b yana nuna duk abin da ya faru tun tashin nan, in ka ƙara -1 ya nuna na tashin baya, wanda sau da yawa shi ne ya faɗi. A Debian da Ubuntu, /var/log/apt/history.log na ɗauke da jerin duk abin da aka girka ko aka cire, da rana da sa'a. Idan aka ce jiya lafiya lau, yau babu sauti, can nake fara leƙawa kafin in tambayi kowa komai.

Katin hoto na NVIDIA ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don shi ne kan gaba wajen baƙin allo bayan sabuntawa. Direbobin Intel da AMD tare da kanel suke zuwa. Na NVIDIA daban yake, sai an gina masa wani sashe da zai dace da kowane sabon kanel, aikin da DKMS ke yi a wurare da dama. In ginin ya gaza, ko don wurin ajiya ya cika, ko don Secure Boot, mai gadin tashin na'ura, ya ƙi amincewa da sashen da ba shi da sa hannu, za ka kunna ka ga duhu. Ba mutuwa ba ce. Ctrl da Alt da F3 kan ba ka wurin rubuta umarni. Ko ka sake kunnawa ka riƙe Shift ko ka danna Esc har GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa lokacin tashi, ya bayyana, ka zaɓi tsohon kanel, ka shiga lafiya ka gyara a natse. Shi ya sa ba na yarda a share tsofaffin kanel duka da sunan tsafta. Ɗaya dai na baya yana nan kullum.

Akwai ɗabi'ar da nake yaƙi da ita a wurin kowa, har da waɗanda suka fi ni sani: danna amincewa ba tare da karanta abin da apt, umarnin girka manhajoji a Debian da Ubuntu, ya jero ba. Kafin ya yi komai yakan faɗa maka abin da zai girka da abin da zai cire. In ka nemi manhaja ɗaya sai ka ga zai cire ɗari, tsaya. A 2021 wani fitaccen mai bidiyon fasaha a YouTube ya je girka Steam, manhajar wasanni, a wani nau'in Linux mai suna Pop!_OS, tsarin ya gargaɗe shi cewa muhimman sassa za su tafi, har ya bukaci ya rubuta cikakkiyar jimla ta amincewa. Ya rubuta, fuskar tsarin ta tafi a gaban miliyoyin masu kallo. Akwai kuskure a ƙunshin, ba a musu, an kuma gyara shi daga baya. Amma gargaɗin yana kan allo.

Daga ina manhaja ta fito, wannan ma tambaya ce da na daina ɗauka da wasa. Ma'ajiyar nau'in da kake kai an gwada kayanta tare da juna. Da ka ƙara ma'ajiyar wani can daban, ka ba shi ikon sa duk abin da ya ga dama a na'urarka da cikakken iko, yau da kuma duk ranar da ka sabunta. Haka wanda ya kwafo layin umarni daga intanet ya liƙa da sudo, kalmar da ke ba umarni cikakken iko, a gaba bai karanta ba. In ana bukatar sabon zubin wata manhaja a kan tsohon tsari, girka ta ta hanyar Flatpak ya fi mini kwanciyar hankali, don manhajar tana zuwa da kayanta a gefe, ba ta taɓa ginshiƙin tsarin. Abin da ya faru da xz, manhajar matse fayiloli, a Maris na 2024 ya ƙara mini ƙarfi a kan zaman nau'i mai tafiyar hawainiya. Wani da ya shafe shekaru yana taimakawa a aikin har aka amince da shi ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Andres Freund, injiniya a Microsoft, shi ya gano, bayan ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na cin ƙarfin na'ura fiye da kima kuma tana jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Gurɓataccen zubin ya riga ya shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, amma bai kai ga tsayayyen Debian ko Ubuntu mai dogon zango ba. Buɗaɗɗen tushe, wato kowa na iya karanta yadda aka rubuta manhajar, shi ne ya sa aka iya bin sawu aka kama shi. Ba shi ne ya hana a dasa ba, kuma wannan bambanci ne da masu tallar Linux ba su cika son a faɗa ba.

Kan ajiyar ko-ta-kwana, mutane na haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Timeshift da ke zuwa da Mint, ko Snapper na openSUSE, wani nau'in Linux, a kan tsarin faifai na Btrfs, hoton tsarin suke ɗauka don ka koma jiya in sabuntawa ta ɓata abu. Timeshift a yadda ya zo ba ya ɗaukar takardunka da ke /home, kuma da gangan ne, don kada komawa baya ta haɗiye aikin da ka yi yau. Sannan hoton da ke kan faifai ɗaya da tsarin, in faifan ya mutu tare za su tafi. Takardu na bukatar kwafi a wani wuri dabam, ko da rsync, ko Borg, ko Déjà Dup. Lokaci-lokaci nakan ɗauki fayil ɗaya in dawo da shi daga ajiyar in buɗe, don na taɓa ganin ajiyar da ta yi watanni tana cewa ta kammala alhali babu komai a foldar da take kwafa.

Ma'aikata su ba ruwansu da duk wannan, kuma suna da gaskiya. Damuwarsu firinta ta buga, takardar Word da aka aiko kada ta wargaje. Firintocin zamani galibi suna aiki ba direba ta hanyar IPP, ƙa'idar aika bugu ga firinta. Wargajewar takarda kuwa sau da yawa rashin salon haruffa ne: a sa Carlito ya tsaya a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria, Liberation a madadin Arial da Times New Roman, faɗinsu ɗaya, sai shafuka su koma mazauninsu a LibreOffice. Masu Windows da Linux a na'ura ɗaya kuma su kashe saurin tashi na Windows, su kuma daidaita agogo, don Linux na ɗaukar agogon na'ura a matsayin UTC, wato lokacin duniya na bai ɗaya, Windows na ɗaukarsa lokacin gari.

Tun da Microsoft ta tsayar da kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ke neman sashen tsaro na TPM 2.0 a cikin na'ura, an ƙara kawo mini tsofaffin kwamfutoci masu sauran ƙarfi a ce in sa musu Linux. Ina sawa, amma tun a ranar nake rubuta yaushe zubin zai ƙare. Idan lokacin hawa sabon mai dogon zango ya zo, ba na rige-rige a Afrilu. Ubuntu da kansa ba ya tayin hawan ga masu tsohon zubi sai gyararren farko mai .1 ya fito, wajen watan Agusta. A lokacin nake ɗaukar kwafin takardu, in ɗauki hoton tsari, in duba waɗanne ma'ajiyoyin waje ke kan na'urar tunda hawan zai kashe su, in gwada a kwamfuta ɗaya ta yi mako ana aiki da ita, sannan sauran su biyo baya.