Godiya bayan wahalar da Fijon Baba ta ba mu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, Peugeot 504 ɗin marigayi mahaifinmu ta dawo kan titi, har ita ta ɗauki amarya ranar Asabar kamar yadda Hajiya ta yi fata. Wannan saƙo na waɗanda suka sha wahala da mu ne.

Motar haɗin Kaduna ce, daga kamfanin da ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri a 1975, kuma Baba ya saye ta fil a leda a 1982. Inji lafiya lau. Wuta ce ta hana mu sakat: ka kunna sigina ta hagu ka taka birki, sai fitilun baya duk su kama ƙyafce-ƙyafce, dishi-dishi, har fitilar dashbod ta shiga rawar. Mun sauya ƙwai, mun sauya ɗan akwatin da ke sa sigina ƙyaftawa har sau biyu. Shiru. Wani ma cewa ya yi sai an kwashe wayarin ɗin motar kaf an zuba sabo, kuɗin da ya yanka kuwa ba zan faɗa ba.

Ranar da ta fi ba mu tsoro, muna dawowa daga Zariya bayan magariba, kusa da Jaji, fitilun gaba suka ɗauke, ga warin roba na ƙonewa. Direban wata babbar mota ne ya tsaya, ya cire mana kan batir, ya haska mana har muka tura ta gefe. Ko sunansa ban tambaya ba. Allah ya tsare masa hanyarsa.

Babbar godiya ga wani Baba mai wayarin da ke kasuwar Fanteka a Kaduna. Dattijon nan bai yanke waya ko ɗaya ba sai da ya gama bincike. Ya fara da batir, ya ga ƙarfin wutarsa bolt 12.6 a kashe, 14 da ɗoriya in inji na aiki, ya ce caji ba shi da laifi. Daga nan ya buɗe but da ɗan ƙwan gwajinsa. Ashe wayar da ke haɗa fitilar baya da ƙarfen bodi ce tsatsa ta cinye, saboda ruwan damina da ke shiga ta tsagaggiyar roba. Ya ce mini: “Ɗana, wuta in ta rasa hanyar komawa, ta cikin ƙwan maƙwabci take bi.” Ya goge wurin da samfefa, ya ɗaure sabuwar waya, ya shafa giris. Sigina ta dawo daidai.

Ɗaukewar fitilun gaba kuwa daban ce. Wani ya taɓa naɗe fis da takardar taba mai ƙyalli, don haka da waya ta goge ta taɓa ƙarfe, maimakon fis ya ƙone sai wayar ta narke. Ya kuma tarar da ƙwai mai wat 5 inda ya kamata a sa mai 21. Wannan kam ni na sa, na amsa laifina.

Na gode wa ƙanena da ya yi kwana uku yana zirga-zirga da acaɓa, da yaran shagon da suka jure mitata. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan Baba.

Har yanzu ina neman gilashin fitilar baya ta dama, na asali. Mai shi ya yi mini magana.