Faifan yanka ƙarfe: abin da nake dubawa kafin ya hau inji

Duk wanda ya shigo shagonmu na walda a unguwar Zariya, nan Maraɗi, ƙofar da aka gama yake fara kallo: fenti, ado, yadda take rufuwa ba ƙara. Ni kuwa bakin yanka nake dubawa. In yanka ya karkace, walda ba ta gyara shi, sai dai ta rufa masa asiri na ɗan lokaci. Shi ya sa a kayan aikina babu wanda nake tsanantawa a kansa kamar faifan yanka, wanda wasu ke ce wa dutse, wasu diski.

Ina yaro aka kai ni wurin maigidana a Sabon Gari, Allah ya jiƙansa. Shekara guda cur ban kunna inji ba, daga shara sai riƙe ƙarfe sai aike. Shi bai yi lakwal ba, amma lambobin da ke jikin faifai ya san su kamar sunayen 'ya'yansa. Sai ya miƙo mini ɗaya ya ce, "Kai da ka yi boko, karanta mini." In na karanta ya tambaye ni wane inji zai hau. In na kuskure, ranar ba ni ba zuwa kusa da teburin yanka.

Abin da ya koya mini shi nake koya wa yarana. Kowane faifai yana da iyakar juyin da zai iya ɗauka a minti, kuma a rubuce yake a fuskarsa. Mai faɗin milimita 115 yana ɗaukar 13,300, mai 180 yana ɗaukar 8,500, babban nan mai 230 kuwa wajen 6,600 ne. Ƙaramin inji yana juyi kusan 11,000. To ka ga wanda ya cire murfin kariya ya ɗora babban faifai a ƙaramin inji ya kusa ninka masa abin da aka yi shi dominsa. A iyakar juyinsa, gefen faifai yana gudun mita 80 a daƙiƙa ɗaya. In ya tarwatse a wannan gudun, babu mai saurin kauce masa.

Na gani da idona. Muna aikin amalanke, wani abokin koyona ya gama yanka sai ya kwantar da faifan yanka yana goge bakin ƙarfe da gefensa, don ƙyuyar canjawa. Ƙara ɗaya muka ji. Ɓari guda ya huda kwanon rumfa, har rana tana shigowa ta wurin, wani ya tsaga masa kunci. Allah ya tsare idon. Maigida bai bari an toshe hudar ba, duk sabon yaro sai an nuna masa ita. Faifan yanka siriri ne, milimita 1 zuwa 3, da bakinsa kaɗai yake ci. Na guga mai kaurin milimita 6 shi aka yi don a kwantar. A shagona ƙananan injuna biyu ne a kan tebur, kowanne da nasa faifai, don kada gaggawa ta sa wani ya haɗa aikin biyu.

Siririn nan mai milimita 1 ko 1.6 shi nake sa wa bututu da kwano: yanka tsaf, ƙarfe ba ya ƙonewa ya yi shuɗi, gugar da za a bi da ita kaɗan ce. Rodi mai kauri da manyan ƙarafa sai mai 2.5 ko 3 a babban inji. Na ƙarfe harafin A ke farkon lambarsa, mai C na dutse da siminti ne. In aikin ƙarfen da ba ya tsatsa ne, sai wanda aka rubuta INOX, kuma ba na yarda ya taɓa baƙin ƙarfe, don in ya taɓa, tsatsa za ta fito a bakin yankan daga baya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu kawo kaya. Mutane da yawa ba su san faifai yana da wa'adi ba. Ƙaro ne ke riƙe da ƙwayoyinsa, da zaren gilas a ciki, kuma ƙaron yana lalacewa, galibi shekara uku daga ƙera shi. Wata da shekarar ƙarewa suna buge a zoben ƙarfen tsakiya. An taɓa kawo mini kwali guda, na duba zoben sai na ga an kankare wurin. Na ce, "Alhaji, wannan fa?" Ya ce ai kowa shi yake saye. Na mayar masa da kayansa. Wani kuma ya ajiye nasa a ƙasa duk damina, laima ta shige su, kana yanka yana zubewa kamar busasshiyar fura. Nawa a kwance suke cikin akwati, sama da ƙasa, nesa da rana. Kuma ina neman alamar EN 12413, wato ƙa'idar Turai ta ingancin faifai, ko da yake masu jabu sun iya buga komai, shi ya sa nake haɗawa da ido da hannu.

Kafin a ɗaura, a zare waya daga wuta. A duba tsagewa ko ɓantarewa. A ɗaure daidai, ba da guduma ba. A kunna a bar shi ya yi juyi rabin minti, fuska a gefe. In yana rawa, a sauke. Ƙarfe a damƙe, ɓangaren da zai faɗi a sake, don kada ya matse faifai inji ya yi tutsu. Ba a dannawa, nauyin inji ya isa. Tabarau dole, babbar riga da rawani a rataye, tartsatsi kuma nesa da kwalaben fetur, ka san yadda suke a bakin titunanmu.

Sai mai saye ya zo ya ce a wancan layin an yi masa rabin kuɗi. Ba na musu. Nakan ɗauko guntun bututu biyu da muka yanka, in haɗa kusurwarsu a gabansa, in ce ya zura takarda a tsakani in za ta shiga. Waɗanda suka tafi wancan layin, da yawa bayan damina ɗaya suke dawowa da ƙofa tana jan ƙasa, a ce mu gyara.

Yanzu haka ƙofar gareji ce a kan tebur, ta wani gida a Ali Ɗan Sofo, gobe da safe za mu fara yankan firam. Mai son ganin aikin ya biyo bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. Akwai tabarau na masu zuwa kallo a rataye a bakin ƙofa.