Yau wani ɓangare na kuɗin Baba ya dawo

Laraba, Tudun Wada, Kaduna

Ina cikin haɗa wa yara abin kari kiran Baba ya shigo. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Uwata, wani saƙo ne ya shigo, zo ki duba mini." Tun da abin nan ya faru, ƙarar shigowar saƙo kaɗai faɗar masa da gaba take yi. Na roƙi maƙwabciyata ta haɗa da nawa yaran ta kai makaranta, na tari keke zuwa Unguwar Sanusi.

Na same shi a zaure, wayar na ajiye kan buzu, bai ko buɗe saƙon ba. Alat ne na shigar kuɗi, naira 180,000. Na karanta masa, ya ce in sake, na sake. Ya ɗaga hannu yana ta hamdala, Mama kuma daga tsakar gida ta rangaɗa guɗa. Naira 310,000 aka kwashe masa, fanshonsa da kuɗin adashen da ya ɗauka don ya canja kwanon ɗakin Mama kafin damina. Ba duka suka dawo ba, amma da hanau gara mannau.

Bari in rubuta yadda abin ya faru, don har yau wasu a dangi suna juya zancen. Ranar wata Juma'a da yamma Baba ya je cirar kuɗi a na'urar ATM da ke kan titin Ahmadu Bello. Na'urar na ta jan jiki, layi ya yi tsawo. Wani saurayi cikin farar shadda da hula ya matso da ladabi ya ce, "Baba, matsalar sabis ce, kawo in gwada maka." Ya karɓi katin, ya goga a jikin rigarsa, ya zura, ya ce Baba ya danna lambarsa. Na'ura ta ƙi. Ya zaro kati ya miƙa masa, har da cewa Allah ya huta gajiya. Katin bankinsu ne, launi ɗaya, zane ɗaya, sai dai ba nasa ba ne. Lambobi huɗun nan kuwa an riga an gan su lokacin da yake dannawa. Ba banza suka zaɓi yammacin Juma'a ba, sun san ƙofar banki ba za ta sake buɗewa ba sai Litinin.

Bayan sallar isha'i alat ya fara shigowa a jere. Allah ya taimake mu ƙanina yana gidan. Shi ya danna lambar toshe asusu, sannan ya kira layin gaggawa na bankin a daren. Da ya karɓi katin da ke aljihun Baba ya haska da fitilar waya, sai ga sunan wata mata a jiki. Na daɗe ina tunanin baiwar Allahn nan, don ita ma haka aka yi mata, da katinta aka zo aka cuci wani.

Wannan kira na dare shi ya cece mu, kuma sai daga baya na fahimci dalili. Ɓarayin sun kasa kuɗin biyu. Wani kaso sun cire shi tsaba a na'ura da wurin masu POS. Ɗaya kason kuma sun tura shi ta ATM zuwa wani asusu a wani banki. Wanda aka tura yana barin sawu: akasarin turawa tsakanin bankuna na bi ta NIBSS, cibiyar da ke haɗa hada-hadar kuɗi tsakanin bankuna, kowace tana da lambar shaidarta, kuma asusun da ya karɓa yana ɗaure da BVN ɗin wani, lambobi 11 ɗin nan da aka fara yi wa jama'a tun 2014. Tun 2015 kuma Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su buɗe sashen karɓar rahoton zamba da zai yi aiki dare da rana. Sashen namu bankin ya tuntuɓi na can, suka ɗaure asusun ta yadda kuɗi ba zai fita ba. Da an ce a bari sai Litinin, da tuni an rarraba shi zuwa wasu asusai an kwashe.

Ɗaurewa daban, dawowa daban. Bankin can ya ce ba zai taɓa kuɗin da ke asusun wani ba sai da umarnin kotu. Nan muka shiga zirga-zirga: takardar koke zuwa ga manaja, rahoton 'yan sanda, takardar rantsuwa a babbar kotu da ke titin Bida, kwafin shige da ficen asusu, sai lauya da ya nemo umarnin. Kowace takarda da kuɗinta. Wanda aka sace wa dubu ashirin ina zai iya wannan? Sai dai ya bar wa Allah, kuma ina ganin da haka ɓarayin suke samun gindin zama.

Yau wajen ƙarfe goma muka isa bankin da Baba. A layin masu koke na zauna kusa da wata dattijuwa daga Rigasa, mai sayar da atamfa. Kiranta aka yi a waya, aka faɗi cikakken sunanta, aka ce za a rufe BVN ɗinta in ba ta karanto lambar da za ta shigo mata ba. Ta karanto. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ta yi mako guda ba ta gaya wa kowa ba, ko 'ya'yanta. "Kunya nake ji, 'yar nan," in ji ta, "kada a ce tsufa ya kama ni." Na ce mata, "Hajiya, ba ke kika yi abin kunya ba, wanda ya cuce ki ne." Amma ni da ita mun san makon nan ya tafi da abubuwa da yawa.

Shi ya sa raina ke ɓaci da masu cewa Baba, "Kai ma dai, ya za ka ba baƙo katinka?" Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana koyar da 'ya'yan mutane, ya tashi a zamanin da in yaro ya ce kawo in taya ka, albarka ake sa masa. Wannan kyakkyawan zaton suka yi jari da shi. Duk gorin da aka yi wa dattijo irin wannan, an koya wa na kusa da shi ya yi shiru ranar da tasa ta same shi.

Da layi ya zo kanmu, ma'aikaciyar ta gaishe da Baba da girmamawa, ta buga mana takardar da ke nuna kuɗin sun shigo. Na tambayi sauran 130,000. Ta ce tunda da katin gaske da lambar sirri ta gaskiya aka cire, a wurinsu kamar mai asusun ne ya cire da hannunsa, amma ba a rufe bincike ba. Ban yi mata faɗa ba, ba ita ta kafa dokar ba. Sai dai na ce a harabar bankinsu aka yi musanyar, akwai mai gadi, akwai kyamara, kuma masu POS ɗin da aka cire kuɗin a wurinsu kowanne yana da rajista. Ta ce hoton kyamara sai 'yan sanda sun nema a rubuce. Na ce to, a ba ni lambar bin sawun kokenmu. Ƙa'idar Babban Banki ita ce ka fara kai kuka ga bankinka, ka ba shi mako biyu, in bai share maka hawaye ba ka rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna, ka haɗa da wannan lamba. Namu wa'adin ya wuce tuni. Ta rubuta mini ita a bayan takardar.

Daga nan aka yi wa Baba sabon kati. Da aka zo sa lambar sirri ya so ya sa shekarar haihuwarsa, ta ce, "A'a Baba, ita ce ta farko da suke gwadawa, kuma tana jikin katin shaidarka." Ya yi shiru, ya zaɓo wata, ya rufe madannan da hannun hagu ya danna, ko ni ban gani ba. Mun rage adadin da za a iya cirewa a rana, mun sa an rufe sayayya ta intanet a katin tunda ba ya yi. Mun kuma buɗe masa asusun ajiya na biyu wanda ba shi da kati, kuɗi mai kauri ya zauna can, na cefane kaɗai a mai katin. Ta nuna masa lambobi ukun da ke bayan kati, ta ce da su da na gaban ana iya sayayya ba tare da katin yana hannu ba, don haka kada ya bari kowa ya ɗauki hotonsa. Banki kuma, in ji ta, ba zai taɓa kiransa ya nemi lambar sirri ko lambar da ake turowa ta saƙo ba.

Da muka dawo gida Mama ta ɗauko jan farcen jikarta ta ɗiga a kusurwar katin, yadda da kallo ɗaya zai gane nasa ne. Ƙanina ya sa wa layin wayar Baba makulli, don in an sace waya aka zare sim aka sa a wata, da shi ake shiga asusu. Lambar toshe asusun kuma na rubuta ta da manyan baƙi a jikin kalandar falo, tunda a bankinmu ana iya danna ta daga wayar wani. Mun yi da Baba cewa in na'ura ta yi gardama, ya zare katinsa ya shiga ciki ko ya dawo gida. In POS ne, sai wurin yaron bakin layinsu da ya sani, kuma na'urar ta zo hannunsa, kada kati ya shige bayan kanta.

Muna cin abinci wata baƙuwar lamba ta kira shi. Wai daga hedikwatar banki ne, sun gano sauran kuɗinsa, ya turo dubu goma na aiki. Baba ya ce, "Yanzu na fito daga bankin, ɗan nan. Ka ji tsoron Allah." Ya kashe wayar. Na rubuta lambar zan haɗa da takardunmu.

Bayan la'asar ya ce zai ba da labarin a majalisarsu ta ƙofar masallaci, da bakinsa, tun daga farar shaddar har musanyar katin. Akasarinsu 'yan fansho ne, kuma ƙarshen wata duk layi ɗaya suke bi. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don daga bakinsa za su fi ɗauka.

Yanzu na gama rubuta takardar Babban Banki, na jera kwanan wata da adadin kowace cira da lambar koken. Gobe in Allah ya kai mu zan yi kwafi, in fara biyawa ofishin 'yan sanda kan maganar kyamara, daga can in wuce reshen Babban Banki da ke titin Yakubu Gowon. Mai kwano kuma ya ce zai zo Asabar ya auna ɗakin Mama, a fara da abin da ya samu.